Wai 15 ne ko −1? Jingar lissafin JSS2 da ta hana 'yan guruf barci

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Dan Allah masu lissafi ku taimaka min kafin gobe in je makarantar yaran nan da faɗa. An ba Iman jinga, tana JSS2, wai a nemo abin da 2x² − 3x + 1 zai bayar in x = −2. Ita ta rubuta −1, malamin ya ja mata jan biro ya rubuta 15 a gefe ba wani bayani. To ni kuma na ɗauko kalkuletar yayanta na danna komai yadda yake a rubuce, −1 ɗin dai ta ba ni. Yanzu tsakanin malamin da na'urar wa ke da gaskiya?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai wannan ba sai an tambaya ba, na'ura ba ta ƙarya kuma ba ta gajiya, malami ne ke yin makin ɗin littafi tamanin da daddare yana gyangyaɗi. Ki je kawai ki nuna masa.

Khalifa SS3: Mama ni kuma 23 na samu fa 😅

Anti Nas: Ni 3 na samu amma kar wanda ya dogara da ni, rabona da aljebra tun sakandare

Admin: Ikon Allah. Tambaya ɗaya amsa huɗu. Ina Malam Habu ne, a zo a raba gardama

Malam Habu: Ga ni Admin, yanzu na shigo daga masallaci. Hajiya Maman Iman dan Allah kar ki je da faɗa, malamin nan yana da gaskiya, 15 ce amsa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne duk amsoshin nan uku da suka kauce na san ta inda kowacce ta ɓullo, don duk shekara sai na gan su a takardun yarana, wallahi kamar haɗa baki suke yi. Bari mu fara da daidai ɗin tukun. Duk inda kika ga x, ki cire shi ki buɗe baka, wato biraket, ki zuba −2 a ciki ki rufe, kar ki yi lissafin komai tukuna, ki kwafe kawai:
2(−2)² − 3(−2) + 1
Yanzu a fara da ɗan ƙaramin 2 ɗin nan na sama. (−2)² yana nufin −2 sau −2, ya ba da 4. Sai 2 sau 4, takwas. Sai −3 sau −2, shida, kuma fulos ce. 8 + 6 + 1 = 15.

Maman Iman: To Malam na ga yadda ka bi amma ita kalkuletar fa? me ya sa ta ce −1

Malam Habu: Saboda ba tambayar da ke littafin kika yi mata ba Hajiya. Kin danna −2 sannan kika danna sikwaya ba baka. A wajenta wannan na nufin ki yi wa 2 sikwaya ya zama 4, sannan ki manna masa mainos a gaba, ya zama −4. Sai 2 sau −4 ya ba da −8, ta tara da 6 da 1, ga −1 ɗinku nan ke da Iman. Na'urar ta amsa abin da aka tambaye ta daidai, tambayar ce aka canza mata ba a sani ba. Shi x ai gaba ɗayansa ne −2, da mainos ɗin da biyun abu ɗaya ne, in za a yi masa sikwaya tare za a yi musu.

Khalifa SS3: Malam nawa fa, 23 ɗin

Malam Habu: Kai kuma ka fara ninka 2 da −2 ka samu −4, sannan ka yi wa −4 ɗin sikwaya ka samu 16, ko ba haka ka yi ba? 16 + 6 + 1 = 23. Sikwayar nan a kan x kaɗai take zaune, ba ruwanta da 2 ɗin da ke gabansa. Da so ake a haɗa su da an rubuta (2x)². Kuma kai da WAEC ke gabanka bana, wannan bai kamata ya wuce ka ba ɗana.

Khalifa SS3: Haka na yi kuwa Malam kamar kana wajen 🙈

Malam Habu: Ita kuma Anti ta samu 8 ɗinta lafiya lau, a tsakiya ne ta zame, ta ce 8 − 6 + 1. Wato mainos ɗin da ke jikin −2 ya ɓace a hanya don ta ga akwai wani mainos a gaban 3, ta ɗauka guda ɗaya ya wadatar.

Anti Nas: Hhhh Malam ai mainos biyu a waje ɗaya ɓarna ce, na yi tattali ne

Baban Sadik: Malam da girmanka amma ni fa ban gamsu ba. Kamfanin Casio guda, injiniyoyi sun zauna sun ƙera abu ana sayarwa duniya baki ɗaya, a ce ba su san −2 sikwaya 4 ba ne? In dai −2 sau −2 huɗu ne to dole in na danna −2 sikwaya ta ba ni 4, in kuma ta ba ni −4 to ɗayan biyu ne, ko su sun yi kuskure ko ku malamai kun yi. Kuma ni tun asali wannan maganar ta mainos sau mainos ya zama fulos ban taɓa yarda da ita ba, haddace ta kawai muka yi saboda bulala. Ta yaya babu sau babu zai haifi akwai?

Injiniya Bash: Alhaji ba kuskure suka yi ba, doka suka bi. A ƙa'idar rubutun lissafi fawa, wato ƙaramar lambar nan ta sama irin ta sikwaya, tana gaba da alamar mainos, shi ya sa −2² da (−2)² ba abu ɗaya ba ne, na farko −4 na biyu 4. Amma bari in ƙara maka abin da zai sa ka daina cewa na'ura ba ta saɓa wa na'ura. Buɗe Excel a kwamfuta ka rubuta =-2^2 ka danna enta, 4 zai ba ka. Ka je Google ka rubuta -2^2, zai ba ka −4. Shi Excel an gina shi ne yana fara ɗaure mainos ɗin gaba a jikin lambar kafin ya yi fawa, kuma haka suka bar shi har yau. Abin dariyar ma a cikin Excel ɗin dai in ka rubuta =0-2^2 sai ya dawo ya ba ka −4. To wacce na'urar za ka bi a cikinsu?

Baban Sadik: To ka ga ni ai ka ƙara ƙarfafa min gwiwa, su kansu masu abin ba su daidaita ba

Injiniya Bash: A'a Alhaji, a kan (−2)² duk sun daidaita, ko wacce ka ba ta da baka 4 za ta ce. Inda ba baka ne kowa ke fassara yadda aka gina shi. Mu a wajen aiki shi ya sa ko da na san tsarin zai fito daidai sai na ƙara baka, ba ya cin kuɗi, kuma wanda zai buɗe fayil ɗin bayana ba sai ya yi duba ba kafin ya gane nufina.

Malam Habu: Injiniya Allah ya biya ka. Alhaji Baban Sadik maganar mainos sau mainos kuwa bari in zo maka ta harkarka tunda ɗan kasuwa ne kai. Mainos ba babu ba ce, bashi ne. A ce mutum uku kowanne yana bin ka dubu biyu, wato 3 sau −2, kana da −6, dubu shida a wuyanka. Yanzu sai su ukun nan suka zo shago suka ce Alhaji mun yafe. An cire maka bashin dubu biyu har sau uku, wannan shi ne −3 sau −2. Arzikinka ƙaruwa ya yi ko raguwa?

Baban Sadik: Ƙaruwa mana, amma Malam a wace kasuwar ake yafe bashi mutum uku rana ɗaya 😂

Malam Habu: 😂 wannan kuma sai addu'a. In misalin bai yi maka ba to duba jerin nan kawai ba sai ka yarda da ni ba:
−3 × 2 = −6
−3 × 1 = −3
−3 × 0 = 0
Kana gani duk sauka ɗaya amsar na ƙaruwa da 3. To in muka ƙara sauka zuwa −3 × −1 me zai biyo bayan sifili in ba 3 ba? Sannan −3 × −2 ya zama 6. In ka ce −6 ne sai jerin ya karye a tsakiya ba dalili.

Ustaz Abu Maryam: Salamu alaikum, ina ta bin ku a hankali. Malam Habu misalin bashin nan naka tsoho ne ƙwarai, wani masanin lissafi na ƙasar Indiya mai suna Brahmagupta tun shekarar 628 ya rubuta dokokin nan kuma da kalmomin dukiya da bashi ya rubuta su, har ya ce bashi in aka ninka shi da bashi dukiya yake bayarwa. Kuma in Alhaji yana jin nauyin karɓar lamba mai mainos to ba shi kaɗai ba ne, shi kansa Muhammad bin Musa al-Khawarizmi da ya rubuta littafin aljabru a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun wajen shekarar 820 bai kasance yana karɓar amsa mai mainos ba. Kuma littafin nasa babu x babu y, da zance yake rubuta komai, abin da ba a sani ba ya kira shi abu kawai. Babban kaso na littafin ma a kan wasiyya da rabon gado yake, don haka masu cewa aljebra ba ta da amfani su je su tambayi mai raba gado. Wannan x da y da z da yaranmu ke fama da su sai a 1637 wani Bafaranshe Descartes ya yi amfani da su a haka, aka bi shi.

Baban Sadik: To alhamdu lillahi ni da Khawarizmi layi ɗaya muke, ku ku bi Bafaranshe

Admin: Alhaji ka ji tsoron Allah 🤣🤣

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi karatun, ba mu san wannan BODMAS da nike ji yaran Najeriya na rerawa ba, amma dokar guda ce, baka tukun, sannan fawa, sannan ninkawa da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa. Na lissafa nima 15 na samu. Bambancin da na sani kawai mu waƙafi muke sawa inda kuke sa ɗigo, biyu da rabi mu 2,5 muke rubutawa.

Malam Habu: Yauwa Ɗan Maraɗi ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni BODMAS ɗin nan ina koyar da shi don yana cikin manhaja amma ina da ƙorafi a kansa guda biyu. Na farko, yawancin yaranmu an koya musu O ɗin nan a matsayin of ne kawai, irin rabin abu kaza, to ka ga fawa ba ta da gurbi ke nan a waƙar, yaro ya zo kan 2x² bai san wa zai fara ba sai ya bi daga hagu kamar yadda Khalifa ya yi. Na biyu ya fi muni, waƙar ta sa A kafin S, sai yaro ya ɗauka dole a gama tarawa kafin a yi ɗebewa. Ka ba shi 10 − 3 + 2 sai ya tara 3 da 2 ya samu 5, ya cire daga 10 ya ce maka 5, alhali 9 ce. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, wanda ka fara tararwa daga hagu shi za ka fara yi, haka ninkawa da rabawa. Yaro mai haddar waƙa sosai shi ya fi faɗawa ramin nan, wanda bai haddace ba ma wani lokacin sai ya tsira.

Maman Iman: Malam ni yanzu na gane nawa, amma gaskiya ina da magana a kan malamin. In yarinya ta yi kuskure ka ja jan biro ka rubuta 15 ka wuce, me ta koya? Da ban tambaya a nan ba da har yanzu tana ganin zaluntarta aka yi

Malam Habu: Wannan gaskiya ne Hajiya ba zan kare shi a nan ba, layi ɗaya ya isa, ya rubuta mata (−2)² = 4 ya zagaye. Amma ki duba min littafin, ita Iman ta rubuta matakan da ta bi ko amsar kawai ta dire?

Maman Iman: Amsar ce kawai, = −1, shi ke nan

Malam Habu: To kin gani. Shi ma bai ga inda ta zame ba balle ya nuna mata. Wannan ita ce babbar cutar da nake yaƙi da ita a aji, yaro ya yi komai a ka ko a na'ura ya kawo maka lamba ɗaya tsirara. Kuma Khalifa ka saurara da kyau don kai abin ya fi shafa, a makin ɗin WAEC da NECO na ɓangaren tiyori akwai makin hanya daban akwai makin amsa daban, a takardar makin za ka ga M1 da A1. Layin nan da ka zuba lambar a gurbin harafi ka rubuta 2(−2)² − 3(−2) + 1, irinsa ne ke ɗaukar makin hanya ko da ka zame daga baya. In kuma ka dire amsa ba hanya kuma ta zo ba daidai ba, ba abin da mai makin zai kama ya taimake ka da shi.

Khalifa SS3: Malam to a obj fa, tambayoyin zaɓi A B C D, lokaci ba ya isa a yi ta rubuta biraket

Injiniya Bash: Ƙanina in kalkuleta fx-991ES PLUS ce a hannunka akwai hanya mai sauƙi. Rubuta lissafin da harafinsa, ALPHA sannan X, wato 2X² − 3X + 1 yadda yake, sai ka danna CALC, za ta tambaye ka X nawa ne, ka sa −2 ka danna daidai. 15 za ta ba ka, don a nan ta riƙe −2 ɗin a matsayin abu guda. Kuma kana iya sake danna CALC ka canza lambar ba sai ka sake rubuta komai ba. Sai dai ka tabbatar irin wadda aka yarda a shiga da ita jarrabawar ce, kuma ka sani a JAMB wadda ke kan allon kwamfutar za ka samu, ƙarama ce ba ta da wannan.

Malam Habu: Dabarar tana da kyau amma ni ban so yaron JSS ya san ta tukuna Injiniya, bari hannunsa ya faɗa da biro. Kuma a obj ku lura, masu saita tambaya sun san ramukan nan sarai, za ka ga A 23, B 15, C 3, D −1, duk kuskuren da ka yi amsarka na nan tana jiranka, sai ka fito kana murna ka ga taka a ciki.

Anti Nas: Kai wannan mugunta ce wlh. Amma bari in faɗi inda ni abin nan ke min amfani tunda kullum ana cewa ina za a kai x a rayuwa. Iyaye da yawa suna sayen abin gwada zafin jiki na dijital, wani yana zuwa a saite a kan F ba C ba, sai uwa ta kira ni hankali a tashe wai zafin yaro ya kai 102. Fomular ita ce C = 5(F − 32) ÷ 9. In ya nuna 102.2, ka cire 32 saura 70.2, sau 5 ya zama 351, raba 9 ya ba ka 39. Zazzaɓi ne sosai a kai shi asibiti, amma ba wai yaron ya tafasa ba ne. 98.6 shi ne 37 na lafiyayyen jiki, 104 kuma 40 ne. To a nan in ka manta bakan ka ninka 5 da F tukun kafin ka cire 32 lambar da za ka samu ba ta ɗan Adam ba ce

Malam Habu: Anti kin ga kin iya ashe, a nan ba ki yi tattalin baka ba. Wannan shi ne ainihin darasin da ake koya wa su Iman, an ba ka fomula an ba ka lamba, ka zuba ka bi tsari. Khalifa gwada sa F = −40 a fomular Anti ka gaya mana.

Khalifa SS3: −40 − 32 = −72, sau 5 = −360, raba 9 = −40. Malam ya dawo −40 ɗin dai, ko na sake kwafsawa ne

Malam Habu: Ba ka kwafsa ba, a nan ne kaɗai ma'aunan biyu suke haɗuwa. Ka ga da ka rubuta mataki mataki ba ka zame ba.

Baban Sadik: Ni dai duk wannan ba ku gaya min inda zan ci riba da x ba

Injiniya Bash: Alhaji kullum kana yi ba ka sa masa harafi ba ne kawai. Ribarka = n(s − k) − m. n yawan kayan, s farashin da ka sayar, k farashin da ka saro, m kuɗin mota da dako. A ce kwano 40 ka saro a 1,500 kowanne, mota ta ci 3,000, ka sayar a 1,800. 40(1,800 − 1,500) − 3,000 = 12,000 − 3,000 = 9,000. Yanzu a ce kasuwa ta faɗi ka sayar a 1,400, cikin bakan ya zama −100, sau 40 ya zama −4,000, a cire 3,000 kuma, −7,000. Ka ce ba ka yarda da mainos ba, to ga shi nan ya zo har shago.

Baban Sadik: Wannan ba mainos ba ne sunansa, faɗuwa ce, kuma Allah ya raba mu da ita. Ni tawa kalkuletar ta shago mai manyan madannai ba ta taɓa ba ni matsala ba

Injiniya Bash: Danna mata 2 + 3 × 4 ka gaya mana

Baban Sadik: 20

Injiniya Bash: Ta Khalifa kuma 14 za ta ce, kuma 14 ce daidai a rubuce. Irin taka tana yin lissafi ne nan take yadda kake dannawa, ta tara 2 da 3 ta samu 5 kafin ma ta san akwai sau 4 a gaba. A shago ba ta cutar da kai don kai kake tsara mata abin da za ta fara da kanka, kai ne BODMAS ɗinta. Amma kar ka ba Sadik ita ya yi jinga.

Maman Walid: Slm, yanzu na ga hirar nan na karanto daga sama. Malam nawa yaron JSS1 yake, matsalarsa ma ba ta kai nan ba, in aka ce 3a kuma a = 4 sai ya rubuta 34. Na yi faɗan na gaji

Malam Habu: Hajiya ki daina faɗan, yaron nan tunani ya yi, ba sakarci ba ne. Shekara shida a firamare ana koya masa in 3 ta zauna kusa da 4 sunanta talatin da huɗu, in 3 ta zauna kusa da ½ uku da rabi ne wato tarawa, yau kuma rana ɗaya an ce masa in 3 ta zauna kusa da harafi ninkawa ne kuma ba a rubuta alamar ba. Mu ne muka ɓoye alamar saboda × tana kama da x. Maganinsa ki sa shi ya riƙa mayar da ita da hannunsa na ɗan lokaci, duk inda ya ga 3a ya fara rubuta 3 × a, sannan 3 × (4), sannan 12. In an ce ab kuma a = 2, b = 7, ya rubuta (2) × (7), ba 27 ba. Sati biyu zuwa uku in yana yi kullum zai daina da kansa.

Maman Walid: Ngd sosai Malam Allah ya saka da alheri, zan gwada

Malam Habu: Amin. Bari in bar muku guda biyu kafin in kwanta, wanda ya ga dama ya gwada amma da hanya nake so ba amsa tsirara ba.
Na ɗaya: 5 − x² in x = −3
Na biyu: x + 4 a sama, x − 2 a ƙasa, in x = 6

Anti Nas: Na ɗaya 14. mainos da mainos sun haɗu sun zama fulos, 5 + 9, yau dai ba za a ce na yi tattali ba

Ɗan Maraɗi: A'a Anti, −4 ne. 5 − (−3)², cikin bakan da sikwaya ya ba da 9, mainos ɗin waje yana nan bai taɓu ba, 5 − 9 = −4

Malam Habu: Ɗan Maraɗi ya samu. Anti dama saboda ke na saka wannan 😄 mainos ɗin −3 sikwaya ta riga ta cinye shi tun kafin ya haɗu da na wajen, don haka ba su taɓa haɗuwa ba balle su zama fulos. Dokar mainos biyu tana aiki ne in suna ninka juna kai tsaye, irin −3(−2) ɗin ɗazu. Da tambayar 5 − x ce kawai ba sikwaya, to nan ne za ki ce 5 − (−3) = 8.

Khalifa SS3: Na biyu Malam, (6 + 4) ÷ (6 − 2) = 10 ÷ 4 = 2.5. Amma da na danna 6 + 4 ÷ 6 − 2 ba biraket 4.666 ta ba ni

Malam Habu: Madalla, 2.5 ce, ko 2,5 in a Maraɗi kake. Layin nan da ke raba sama da ƙasa shi kansa baka ne da ba a zana ba, yana cewa a gama na sama a gama na ƙasa sannan a raba. In za ka kwantar da shi a layi ɗaya dole ka zana bakan da hannunka, in ba haka ba 4 kaɗai za ta raba da 6.

Khalifa SS3: To Malam in a ce x = 2 ne a wannan ɗin fa? sama 6, ƙasa 2 − 2 = 0. Amsar 0 ce ko 6? tawa Math ERROR ta rubuta

Malam Habu: Ba 0 ba ce ba 6 ba ce, babu amsa. Rabawa tambaya ce, wace lamba zan ninka da na ƙasa in samu na sama? 10 ÷ 4 = 2.5 saboda 2.5 sau 4 goma ne. To wace lamba za ka ninka da sifili ka samu 6? Duk abin da ka kawo sifili zai ba ka. Shi ya sa a takardar jarrabawa za ka ga sun rubuta x ≠ 2 a gefen irin wannan, ko su tambaye ka wace lamba ce in aka sa lissafin ba ya da ma'ana, amsar ita ce duk wadda ta mayar da ƙasan sifili. Kar ka haɗa shi da sifili a sama, in x = −4 sama ya zama 0 ƙasa −6, wannan amsarsa 0 ce lafiya lau.

Baban Sadik: Na danna 6 raba 0 a tawa ta shago ta rubuta E ta ƙame, ko madanni ɗaya ba ya aiki. Injiniya kai ka ja min, in batirin ne ya mutu kai za ka saya

Injiniya Bash: Ba batir ba ne Alhaji, danna AC